Ɓular da Kika Bar Mini a Tarun Vappa

Sur, ƙasar Oman
Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Rahiyanath, sanyin idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, ruwan farko na damina a kan rufin kwano, furen badon da ke buɗewa da sassafe tun kafin injin jirgi ya dama tafki. Ke da ambaton sunanki kaɗai kan sauke mini gajiyar wuni!

Yau shekara biyu da wata bakwai da kwana goma sha ɗaya rabona da gida. Na ƙirga su sarai, don mutumin da ke lodin ƙanƙara a bakin teku tun asuba ba shi da abin ƙirgawa sai ƙanƙara da kwanaki. A tsawon wannan lokaci mun yi waya ba adadi, amma me muka ce wa juna? Kin ci abinci? Na ci. Yaya gwiwar Umma? Da sauƙi. Ansiya ta ci jarrabawa? Ta ci. Thasni ta daina kukan ciwon haƙori? Ta daina. Sai mu yi shiru, ina jin numfashinki, ina jin kukan agwagi a bayanki, maganar da ya kamata in yi kuwa ta ƙi fita. Shi ya sa yau na sayi biro da takarda. A waya ina iya cewa layi ne ya yanke. Takarda kuwa ba ta yankewa.

Saƙon da kika bai wa maƙwabcinmu Badar ya iso hannuna wata huɗu da suka wuce. Na ce miki a waya kifin mai yaji ya yi daɗi, garin jatan lande da kwakwa ma 'yan ɗakinmu sun cinye shi cikin kwana uku, marasa kunya. Amma ban ce miki komai ba game da abin da ke can ƙasan kwalin, kuma ke ma ba ki tambaya ba. Ina kika koyi irin wannan haƙuri, Rahi? Wace mace ce za ta aika da zuciyarta a naɗe cikin tsohon mayafi, ta yi wata huɗu ba ta ce "ka gani?" ba?

Na gani. Allurar saƙar taru ce ta gora, da zaren nailan a naɗe a jikinta, da 'yar takarda mai layi uku game da tarun Vappa, mahaifinki. Na haddace su kamar karatun sallah, tun daga sunan girmamawar da kike kira na da shi: "Ikka, mun ɗinke tarun gaba ɗaya, saura ɓula ɗaya kamar faɗin tafin hannunka. Vappa ya ce a bar maka ita. Ya ce in za ka zo ka zo yanzu da idonsa ke iya duba aikin, don likita ya ce dushewar ba irin wadda ake cirewa ba ce."

Ranar na zauna a kan gadona na sama, ƙarfen fanka na kaɗawa dab da kaina, na riƙe allurar nan ina kuka kamar yaron da aka yaye. Kuma tunda ban taɓa faɗa miki yadda na ga waccan rana da idona ba, ki bar ni in faɗa yanzu, daga farko, ko da kin fi ni sanin ta.

Kin san yadda muka tashi a ƙauyenmu Ponnad muna kallon jiragen baƙi, waɗannan gidaje masu iyo da ɗakunan kwana da kujerun kaba. Suna wucewa ta gaban matakalarmu, baƙi na jingine suna shan ruwan kwakwa, suna ɗaukar hoton Ummata tana wanke tukwane, sai ka ce zalɓe suka gani ba uwar wani ba. Su bar mana maiƙon dizal a kan ruwa yana ƙyalli, da robobi maƙale a cikin kainuwa, da kiɗan da ke tashin jarirai. Mu da ruwa ya kewaye gabas da yamma, mu ne ke tsayawa da jarka muna jiran a kawo mana na sha! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Amma gaskiya ɗaya ce, jiragen nan su ke ciyar da gidaje da yawa a wajenmu, kuma na ga baƙin da suka fi 'yan gari mutunta ruwan, masu komawa da shararsu a jaka, masu neman izini kafin su ɗaga kyamara. Ni dai tun ina ƙarami na ƙudurta a raina cewa wata rana ni ne zan zauna a sama, wasu su ɗaga kai su dube ni. Wannan ce cutar da na dawo da ita hutu, tare da turare da agogo.

Kin tuna ranar da muka je tashar jiragen Alappuzha neman haya? Ni idona na kan babban nan mai hawa biyu da lasifika. Ke kuwa kika tsaya gaban dillali kina jero masa tambayoyi: ina kuke zubar da tankin banɗaki, a tafki ko a tudu? Robobin ruwa fa, ina suke zuwa? Kifinku a hannun wa kuke saya? Har mutumin ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, matarka ce ko hukuma ce ta turo mana ita?" Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Yanzu kuwa in na tuna, ƙirjina cika yake yi da alfahari. Ke kika zaɓi ƙaramin jirgin Thankachan mai ɗaki biyu, don kin ga buhun shara ɗaure a bayansa, kuma ya nuna miki takardar inda yake kai tankinsa. Na yi ta gunaguni har gida.

Amma wace irin safiya ce Allah ya ba mu! Ko kin manta? Ruwa kwance lumui kamar madubin amarya, kwakwa sun sunkuyo ta kowane gefe suna kallon fuskokinsu, gonakin shinkafa can ƙasa da ruwa kore shar har iyakar gani, garken agwagi na rabewa biyu suna ba mu hanya. Umma ta hakimce a kujerar gaba kamar ita ta sayi jirgin, tana leƙa kicin tana ce wa mai dafuwa, "Wannan miyar kifin ta masu jinya ce? Ina tsamiyar?" Ansiya da Thasni suna ɗaga wa 'yan ajinsu hannu, suna yi musu Turancin ƙarya. Wata mata ta matso da kwale-kwalenta, kika sayi kifin karimin a hannunta ba ki taya ba, na harare ki, kika yi kamar ba ki gani ba. Da Thasni ta ɗaga hannu za ta jefa ledar alawa, kika cafke wuyan hannunta kika ce, "Gobe da safe da wannan ruwan za ki wanke fuskarki, uwar gayu." Muka ci abinci a kan ganyen ayaba, jar shinkafa da rogo da kifi, iska na ɗage gefen ganyen.

Sai ke. Ya Allah, sai ke! Kina tsaye a goshin jirgi cikin koren sarin nan da na kawo miki, iska na wasa da mayafinki, hasken ruwa na rawa a ƙarƙashin haɓarki. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, ban taɓa ganin ki wuni guda hannunki babu tukunya ko tsintsiya ko igiyar kwakwa ba sai ranar. Kika juyo kika yi mini murmushi, irin wanda kika yi mini ta bayan labule ranar da aka kawo ni ganin ki. Wannan murmushin shi nake ci a nan, shi nake sha, shi nake lulluɓa da shi. Da na tsaya a nan, da na ce alhamdulillahi na yi shiru, da ba ni da abin roƙon gafara a kai.

Amma akwai abin da ke cina tun safe. Vappanki ya ƙi zuwa. Na je har gida na gayyace shi, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In biya a nuna mini ruwan da na tsufa a kansa? Ku gaishe mini da shi, ku ce ina nan tafe da yamma." Kowa ya yi dariya ban da ni. Na ɗauka raini ne. Na ce a raina, tsohon nan har yanzu kallon ɗan mai sayar da shayi yake yi mini, to yau sai ya ɗaga kai ya gan ni.

Rahi, wane yaro ne a bakin tafkin Vembanad bai san cewa biyar da rabi na yamma jiragen baƙi ke ɗaurewa ba? Daga nan zuwa wayewar gari tafki na masunta ne, su shimfiɗa tarunansu su nemi abincinsu. Baƙo ɗan Delhi zai iya cewa bai sani ba. Ni fa? Ni da na auri 'yar masunci, na san ma daidai inda mahaifinki ke zuba nasa? Biyar da kwata Thankachan ya juya kan jirgi zuwa maɗaura, na ce masa ya miƙe ta wajen Ponnad. Ya ce, "Sainu, kai ɗan ruwa ne fa. Dubi rana." Na ce, "Minti goma kacal. Ai ni na ɗauki jirgin." Ban ɗora masa laifi ba, kuma kada kowa ya ɗora masa. Mutum ne mai 'ya'ya, ga wanda ya biya yana ɗaga masa murya gaban iyali. Ke kuma kika matso kusa da ni kika ce a hankali, "Ikka, lokaci ya yi." Sau ɗaya kika faɗa. Na ji ki sarai. Na gyara tabarau na baƙi na dubi wani wajen.

Har yanzu ina jin ƙarar nan a cikin haƙorana. Injin ya yi tari, jirgin ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya cak. Farfela ta naɗe taru, ta tauna shi, ta ja shi tun daga wancan bakin. Ga Vappa tsaye a kwale-kwalensa, igiyar ta fizge daga hannunsa. Ya ɗaga kai ya gan ni, kamar yadda na so. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Cewa ya yi, "To, Kyaftin, an iso lafiya? Yau kam ka kama babba."

Da a nan na sunkuyar da kai, da ƙila an wuce wurin. Amma sai na zaro walat, gaban sauran masuntan da suka taru, gaban Umma, gaban 'ya'yana, na ce nawa ne sabo. Wayyo ni! Wane irin mutum ne teku ta mayar da ni? Na manta cewa tarun nan shi ne na ƙarshe da marigayiya Ummanki ta yi wa aiki, rabin ƙullin da ke jikinsa na yatsunta ne.

Sai kika zo. Kika karɓi walat ɗin daga hannuna ba tare da kin fizge ba, kika mayar mini aljihu, kika ɓalla maɓallin kamar yadda kike yi wa Thasni in za ta makaranta. Kika soke gefen sarinki a ƙugu, kika sauka daga jirgin baƙi zuwa kwale-kwalen mahaifinki, sabon sarin na jan laka, kika kama bakin tarun. Thankachan ya yi nutso da wuƙa ya kwance farfela. Ke da Vappa kuka tattara abin da ya rage kuka nufi gida, mu kuma muka kwana a jirgi babu ke.

Kwana tara suka rage mini na hutu. Na cinye su ina kumbure-kumbure, ban taka gidan Vappa ba, kina kawo mini shayi ina karɓa ban dube ki ba. Ranar tafiya abin da na iya ce miki shi ne, "Sai na kira."

Shekara biyu ina gaya wa kaina kin kunyata ni gaban mutane. Ina ɗaga ƙanƙara ina maimaitawa, ina sauke ƙanƙara ina maimaitawa. Ƙasar nan na taimaka wa mai neman ɗaci, Rahi. Zafi a waje kamar bakin murhu, sanyi a ciki har yatsu su ƙage, shugaban aiki ba ya sanin sunanka sai ranar da ka makara, mu takwas a ɗaki ɗaya kowa na tari da harshen garinsu. Ba zan ce sun cuce ni ba, albashi na fita a kan lokaci, kuma ba wanda ya ɗaure ni ya kawo ni. Amma mutum kan bushe a nan. Sai da allurar nan ta zo na fahimci abin da kika yi. Ni na tuɓe kaina a kasuwa, ke kuma kika rufa ni. Da kin bar ni na miƙa masa kuɗin nan, da har abada babu hanya tsakanina da mahaifinki. Kin mayar da hannuna aljihu, kika saka naki a madadinsa. Badar ya ce mako bakwai kika yi kina zuwa gidan Vappa kullum bayan azahar, kina ɗinki har yatsunki suka tsage, kuma duk wanda ya zage ni a gabanki sai ki ce, "Ku ƙyale shi, gajiya ce."

Da me zan gode miki? In kira ki wata, wata na raguwa. In kira ki tafki, tafki na janyewa da rani. Ke ce bakin gaɓar da ke nan inda aka bar ta, komai daɗewar kwale-kwale a kan ruwa. Ke ce fitilar matakala. Ke ce igiyar da aka ɗaure ni da ita ban sani ba, har iska ta ja ni ta gaji. Na gode, Rahi. Na gode da "lokaci ya yi" da ban saurara ba. Na gode da maɓallin aljihu. Na gode da shirun shekara biyu da ba na fushi ba ne, na jira ne.

Badar ya kuma ba ni wani labari da ya sa na yi dariya da hawaye tare. Wai Vappa na nan yana kamun kifi da tarun da ɓular a jiki, kuma duk kifin da ya sulale ta nan sai ya ce, "Ku bar shi, na surukina ne, yana can yana jiran sa." Ki ce masa na ji, kuma na yarda duk nawa ne.

Yanzu ga dalilin shirun wata huɗu. Ban iya ɗinkin taru ba, kin sani. Ya zan zo in zauna gaban Vappa in riƙe allura kamar mai riƙe da cokali? Akwai wani dattijo ɗan Bangaladash a bakin tasharmu, Motaleb, mai gyaran tarunan Larabawa. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan kai masa shayi in zauna gefensa. Makon farko ya ɗaga aikina sama ya leƙo ni ta cikinsa ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai ko saniya za ta wuce ba ta sunkuya ba." Yatsuna sun sandare da ƙanƙara, zare na yanka ni, ƙulli na zamewa. Ya kwance, in sake, ya kwance, in sake. Yau da rana na ɗinke masa ɓula mai faɗin tafin hannuna. Ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya ja ɗayan da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, ƙullin bai motsa ba. Ya jefo mini ya ce, "Kifi zai yarda." Daga wurinsa na wuce shago na sayi wannan takardar.

Ina tafe, hasken gidana. Daga filin jirgi ba zan sauka a ƙofarmu ba, gidan Vappa zan fara zuwa, da jakata da ƙurata. Zan cire takalmi in zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ya miƙo mini tarun in ɗinke a gabansa. In ya duba ya ce bai yi ba, in kwance in sake, ko sau goma ne. Abu ɗaya nake tsoro, shi ke hana ni sukuni: kada in iso idonsa ya riga ya rufe, sai dai ya shafa aikin da yatsa. Ki roƙe shi ya riƙa ɗiga maganin idonsa kullum, ki ce Kyaftin ne ya ce. Ki roƙe shi ya jira ni.

Sai roƙona gare ki. In an gama, ina so mu sake hawa jirgin Thankachan, mu duka, don ina son in sake ganin ki tsaye a goshinsa iska na wasa da mayafinki, in ga ƙarshen wunin da na lalata. Ke za ki zaɓi hanya, ke za ki sayi kifi, ni zan riƙe buhun shara. Ƙarfe biyar daidai ni da hannuna zan ɗaure igiya a jikin kwakwa. In Vappa ya sake cewa ba zai hau ba, babu komai, da yamma ni zan sauka in same shi a kwale-kwalensa in riƙe masa bakin taru, ke kuma ki zauna a sama ki huta, sarinki a bushe. Za ki yarda, Rahi? Za ki sake yi mini wancan murmushin, ko rabinsa ne?

Ban da ke ban taɓa kallon wata ba, a can ko a nan, kuma ba zan kalla ba har a naɗe ni a farin ƙyalle. Ki gaishe da Umma, ki sumbaci 'yan matan nan a goshi.

Naki, jiya da yau da sauran abin da Allah ya rage mini,
Sainuddin

Kuɗi ba su taru ba, kin fi ni sani. Ga abin da na iya tarawa: kwana sittin da ɗaya na hutu, tikiti ɗaya na ranar sha huɗu ga watan gobe, zaren nailan dunƙule biyu, allurarki ɗaya, da ƙulli iri uku waɗanda ba sa zamewa.